Aikin da Ba Shi da Lokacin Tashi

Idan malamin asibiti ko ma'aikacin ƙidaya ya tambayi magidanci sana'ar matarsa, amsar da aka fi ji ita ce: "Ba ta aikin komai, tana gida." Mai faɗin haka ba ƙarya ya yi niyyar yi ba, domin a kunnen mafi yawanmu aiki shi ne abin da ake fita a yi a dawo da kuɗi. Amma matar da aka ce ba ta aikin komai ta riga kowa tashi. Kafin gari ya waye ta hura wuta ta ɗora ruwan wanka, ta ɗumama tuwo ko ta dama koko, ta yi wa yara wanka ta shirya su makaranta. Suna fita shara da wanke-wanke na jiranta, ga tulin wanki, ga goyo a baya, ga tsintar shinkafa da aiken markaɗe, kuma kafin ta sauke abincin rana tunanin na dare ya taso. Idan jariri ya yi kuka cikin dare ita ake tasa, idan zazzaɓi ya kama yaro ita ke kwana a zaune. Ma'aikacin gwamnati yana da ƙarfe huɗu, ɗan kasuwa yana da magariba, manomi yana da rani. Aikin gida ba shi da lokacin tashi, ba ruwansa da Juma'a ko Lahadi, ranar Sallah ma ninkuwa yake yi.

An auna wannan aiki da agogo. A shekarar 2018 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, ta haɗa binciken da aka yi a ƙasashe 64 kan yadda mutane ke kashe lokacinsu, sai ta gano cewa mata ne ke ɗauke da kashi 76 cikin 100 na duk awannin da ake ɓatarwa a hidimar gida da raino da jinya, wadda ba a biyan kowa ko kwabo a kanta. A matsakaicin lissafi, mace tana ba wannan hidima awa 4 da minti 25 a kowace rana, namiji kuwa awa 1 da minti 23. Gaskiya ne maza sun fi daɗewa a aikin neman kuɗi, amma da aka haɗa aikin waje da na gida wuri ɗaya, ranar mace ta kai awa 7 da minti 28, ta namiji kuma awa 6 da minti 44. Rahoton ya ce mata miliyan 606 da suka isa neman na kansu ba sa iya fita nema saboda hidimar gida, alhali mazan da wannan dalili ya tsare miliyan 41 ne. Waɗannan alƙaluma na duniya ne baki ɗaya, har da ƙasashen da ke da injin wanki da famfo a gidaje, inda mace ke haihuwa ɗaya ko biyu. A arewa maso yammacin Najeriya, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace tana haihuwar 'ya'ya 6.6 a matsakaici, a Nijar kuma binciken 2012 ya ba da 7.6. Mai hankali zai iya ƙiyasta yadda nauyin yake a gidan da ake girki da itace, ana jiran mai garuwa, ana rainon yara shida.

Rabon aiki tsakanin miji da mata ba laifi ba ne a kan kansa, kuma tsarin da muka gada ba na rashin tunani ba ne. Kakanninmu sun ɗora wa namiji noma da ciyarwa da tufatarwa da muhalli, da gyaran danga da yaɓen ɗaki, a gidajen da ake kulle kuma har da ɗebo ruwa da kawo itace da cefane. Mace ta riƙe abin da ke cikin gida: daka, surfe, girki, shara, raino. Sannan ba ita kaɗai aka bari da wannan kaya ba. A babban gida na gandu akwai facaloli da ake karɓa-karɓar girki da su, akwai kishiya da ke da nata kwanan, akwai uwar miji ko gwaggo da za a ajiye wa yaro a cinya, akwai ƙannen miji da 'ya'yan riƙo. Idan ta haihu, musamman haihuwar fari, tana tafiya wankan jego gidan iyayenta ta yi arba'in ana yi mata hidima. Wannan yarjejeniya tana tsaye ne a kan ƙafa biyu: namiji ya ɗauke nauyin nema gaba ɗaya, mace kuma tana da hannaye da yawa a gefenta. Abin da nake gani shi ne duka ƙafafun biyu sun raunana a zamaninmu, amma rabon aikin yana nan yadda aka bar mana shi, kuma wadda ke biyan bambancin da jikinta ita ce matar.

Ƙafa ta farko tuni ta gurgunce. A Kano da Kaduna da Maraɗi, malamar firamare da ma'aikaciyar jinya da mai shagon ɗinki suna sa albashinsu a kuɗin makaranta da na magani, sau da yawa har da cikon cefane. Ko matar da ba ta fita ba a zaune take ba. Tun a ƙarshen shekarun 1960 mai bincike Polly Hill ta nuna, daga zaman da ta yi a Batagarawa kusa da Katsina, cewa matan kulle na gudanar da kasuwanci mai faɗi daga cikin ɗakunansu, suna sayar da hatsi da man gyaɗa da dafaffen abinci. Yau tsadar rayuwa ta mayar da wannan ciniki, da kuɗin adashi, ginshiƙin gidaje masu yawa. Ƙafa ta biyu kuma birni ya karya ta: amarya tana tarewa a gidan haya ɗaki biyu, uwarta tana wani gari, maƙwabta kowa ya rufe ƙofarsa. Wata masaniyar zamantakewa a Amurka, Arlie Hochschild, ta yi nazarin ma'auratan da dukansu ke aikin albashi, ta fitar da littafi a 1989 inda ta kira abin da mace ke tararwa a gida zagaye na biyu na aiki, ta kuma ƙiyasta cewa a shekara matan na ƙara kusan wata guda cur, dare da rana, a kan abin da mazansu ke yi. Malamar da ta tashi daga makaranta ƙarfe biyu ta wuce kai tsaye gaban murhu ba ta buƙatar a fassara mata wannan.

Saboda haka ma'aunin da ya kamata a riƙe shi ne hutu. Tambayar wa ya share tsakar gida ko wa ya wanke tukunya ƙarama ce. Babbar tambaya ita ce, idan rana ta faɗi, wa ke da sauran lokacin kansa? Bayan la'asar ko bayan isha'i za ka ga majalisa cike da magidanta ana hira, ana sauraron labarai, ana kallon ƙwallo, kuma ba wanda zai ce ba su cancanci wannan sararawa ba. Amma a daidai wannan lokaci matar tana kan tuƙin tuwo ko tana lallashin yaro ya yi barci. Akwai kuma wani aiki da agogo ba ya kamawa, wato riƙe gida a ka: tuna ranar rigakafi, lura cewa gas ya kusa ƙarewa, sanin wane yaro ne takalminsa ya matse, tanadin gudunmawar bikin dangin miji. Allison Daminger, wata mai bincike a Amurka, ta nuna a 2019 cewa ko a gidajen da ake yanke shawara tare, hango buƙata tun kafin ta taso da bin diddigi har a ga an biya ta sun fi faɗawa kan mace. Dabbobin gida ma haka abin yake. A wurinmu maigida ne ke sayo ragon layya tun da sauran watanni, ko ya kawo karen gadi ko tantabaru don sha'awarsa, amma ba da dusa da harawa da ruwa, da share turke kowace safiya, yakan koma hannun uwargida da 'ya'yanta ba tare da an taɓa zama an yi maganar ba.

Za a ce, kuma da hujja, ai namiji ma ba kwance yake ba. Ɗan dako a Kantin Kwari, da direban da ke kwana a hanyar Legas, da manomi a tsakiyar damina, da ɗan ci-rani da ke turo abin da ya samu, ba wanda zai kalle su ya ce su dawo su kama wanki. Na yarda da wannan, kuma ma'aunin hutu ya riga ya yi musu adalci: mutumin da ya fita da asuba ya dawo da isha'i a gajiye ba shi da ragowar lokacin da za a nema a wurinsa. Sai dai ba kowane magidanci ne ɗan dako ba. Akwai mai tashi ofis da rana tsaka, akwai manomi da rani, akwai wanda aiki ya yanke masa yana zaune a ƙofar gida matar na ciyar da shi daga cinikin ƙosai, amma ko ruwan da zai sha sai an kawo masa. A irin waɗannan gidaje hujjar wahalar nema ba ta da wurin tsayawa, abin da ya rage kawai shi ne sabo.

Hujjar da ta fi nauyi a zukatan mutanenmu ita ce ta addini, kuma a nan ne aka fi yin magana ba tare da an buɗe littafi ba. Malaman fiƙihu sun yi saɓani a kan ko hidimar gida wajibi ce a kan mace. Mafi yawan Shafi'awa da Hambalawa sun tafi a kan cewa shari'a ba ta tilasta mata ba, kyautatawa ce take yi. Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim sun ce tana wajaba gwargwadon abin da al'ada ta sani. Mazhabar Malikiyya da muke bi ta rarrabe: a Muhtasar na Halil, matar da ta fito daga gidan da ake yi wa irinta hidima, mijin kuma yana da hali, to a kansa yake ya samo mai yi mata, idan ba haka ba, tana yin hidimar cikin gida kamar kwaɓa gari da shara da shimfiɗa, amma ba a ɗora mata saƙa ko kaɗi don ta samar masa da kuɗi. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ita ma ta ɗora wa miji mai wadata samar wa matarsa mai hidima. Ko a kan ra'ayi mafi tsanani, ba inda aka ce mace ta haɗa ciyar da gida da hidimarsa duka, namiji yana kallo. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fi kowa zafi a kan wannan. A cikin Nurul Albab ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci kamar kayan amfanin gida, suna nanata musu biyayyar miji ba sa koya musu biyayyar Allah, suna kuma ɗora musu girki da wanki da makamantansu alhali Allah bai wajabta musu ba. Daga gidansa Nana Asma'u ta fito, wadda ta samu lokacin karatu da rubutu da tsara 'Yan Taru masu kai ilimi ƙauyuka.

Sama da duk wannan akwai aikin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Buhari ya ruwaito cewa an tambayi Nana A'isha abin da yake yi a gida, ta ce yana kasancewa cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin sallah ya yi sai ya fita. A wasu ruwayoyin ta ambaci cewa yana ɗinke tufarsa, yana gyara takalminsa, yana tatsar akuyarsa. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa ya yi sallah yana ɗauke da jikarsa Umama, idan zai yi sujada ya ajiye ta, idan ya miƙe ya ɗauke ta. Masu cewa ai Nana Faɗima ta yi niƙa har hannunta ya yi kanta, kuma da ta nemi mai hidima sai aka koya mata tasbihi, gaskiya suka faɗa; wannan yana nuna darajar hidimar mace da ladanta. Amma hadisin bai goge ɗan'uwansa ba, kuma abin mamaki ne a ce mun haddace wanda ya shafi mata mun manta da wanda ya shafe mu. Wannan kuma ya isa amsa ga mai cewa taya mata aiki ɗabi'ar Turawa ce da boko ya kawo.

Batun cewa namiji bai iya ba, titi kaɗai ya isa ya ƙaryata shi. Mai shayi namiji ne, mai tsire da mai balangu maza ne, masu wanki da guga a unguwanni maza ne, manyan teloli da kukun otal maza ne, ɗan ci-rani kuma yana dafa wa kansa taliya da wake har ya koma gida. Duk aikin da ake cewa na mata ne, da zarar an sa masa farashi za ka tarar da namiji a kai. Abin da ke hana shi a gida tsoron baki ne: kada a ce mijin-ta-ce ne, kada a ce an shanye shi ko an mallake shi. Dole kuma a faɗi gaskiya, mata na cikin masu tsaron wannan iyaka. Uwar miji ce takan fara cewa an mayar mata da ɗa bawa, ƙawaye ne ke yi wa mace gorin ta kasa riƙe gidanta, wata matar kuma da kanta take korar miji daga madafa domin nan ne kaɗai inda take da iko, ko don tana tsoron a ce ta gaza a yi mata kishiya. Uwa ce ke tasa 'yarta wanke-wanke ta bar ɗanta ya tafi ƙwallo. Wannan yana nuna cewa matsalar ta tarbiyya ce da kowa ya sa hannu a ciki, amma ba ya sauke nauyi daga kan maigida, tun da shi ne mai faɗa a ji, kuma gorin da ake yi wa mutum ɗaya yana mutuwa ne idan mutum goma a layi suka yi abin.

Abin da ya fi damuna shi ne inda aikin ke gangarawa idan maigida ya naɗe hannu. Aikin gida ba ya ɓacewa. Idan ya fi ƙarfin uwa, sai ya sauka kan wadda ta fi ta rauni. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda sana'ar matan kulle ta dogara ga yara masu talla da aike, da yadda hakan ke karo da zuwan 'ya'ya mata makaranta. A 2016 asusun UNICEF ya ƙiyasta cewa 'yan mata masu shekara 5 zuwa 14 suna kashe lokacin da ya fi na takwarorinsu maza da kashi 40 cikin 100 a aikin gida, wato ƙarin awa miliyan 160 kowace rana a faɗin duniya. Yarinyar da ta kwana da goyon ƙaninta, ta yi wanke-wanke kafin ta tafi aji, ita ce gobe za a ce ba ta da ƙoƙari a cire ta. Gidajen masu hali kuwa sukan warware rigimar da ɗauko 'yar aiki, wadda sau da yawa yarinya ce ƙarama da aka kawo daga ƙauye ta hannun wata dillaliya, kuɗin aikinta na tafiya wurin wasu, ita ba boko ba allo. Ko kuma almajiri da ake biya da ragowar abinci. Ɗaukar babban mutum aiki a biya shi haƙƙinsa halal ne kuma taimako ne. Amma sayen zaman lafiyar miji da mata da ƙuruciyar 'yar wani ba rabon aiki ba ne.

Raino ya fi sauran ayyuka muhimmanci, domin a nan uban da kansa yake asara. Kunya irin tamu ta sa wasu iyaye maza ba sa ɗaukar ɗan fari a gaban mutane, har yaro ya girma yana sanin uba a matsayin mai kawo cefane da mai tsawa kawai. Hukumomi sun fara motsi, ko da a hankali. Ƙasar Suwidin ta buɗe hutun haihuwa ga uba da uwa tun 1974, amma maza ba su karɓa sosai ba sai bayan da aka keɓe musu wata guda a 1995 wanda ba a iya miƙa wa uwa. A Najeriya, jihar Legas ta ba ma'aikatanta maza kwana 10 a 2014, gwamnatin tarayya kuma ta amince da kwana 14 a 2021. A yankin Damagaram na Nijar, asusun UNFPA ya kafa abin da ake kira makarantar mazaje, inda magidanta masu mutunci a gari ke zama suna tattauna lafiyar mata masu ciki, suna jawo hankalin 'yan'uwansu maza su bar matansu su je awo su haihu a asibiti. Darasin da ke ciki shi ne namiji ya fi jin maganar namiji ɗan'uwansa. Sai dai hutun gwamnati bai shafi mafi yawan magidantanmu ba, domin ba albashi suke ci ba, kuma kwana 14 na iya ƙarewa a karɓar 'yan barka da hidimar suna, mai jego na nan da ɗawainiyarta.

Wani ɓangare na nauyin ba miji ne zai ɗauke shi ba, hukuma ce. Famfo a unguwa, wutar lantarki da za ta juya injin niƙa, da gas mai araha suna rage awanni masu yawa, suna kuma rage hayaƙin murhu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta da mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020. Amma abin da ke hannun ma'aurata ba ya jiran kasafin kuɗi. Kalmar "taimako" da muke amfani da ita tana da rauni, domin mai taimako sai an roƙe shi, kuma yana iya cewa yau ya gaji. Abin da ke sauƙaƙa wa mace da gaske shi ne maigida ya ɗauki wani aiki ya zama nasa tun daga tunawa har gamawa, gwargwadon lokacin da yake da shi: wankin kayansa da gugarsu, kai yara makaranta da duba littattafansu da dare, kai su rigakafi, kula da dabbar da shi ya kawo gidan, karɓar jariri bayan sallar asuba domin mai shayarwa ta samu barcin awa ɗaya. A gidan da ake da mace fiye da ɗaya, adalcin da ake nema a kwana da ciyarwa ya shafi wannan ma, domin mai yara biyar ƙanana da amaryar da ba ta haihu ba ranar girkinsu ba nauyi ɗaya ba ce. Ɗa namiji kuma da ya tashi yana ganin mahaifinsa na wanke kwanon da ya ci abinci, aka kuma saka shi a jerin masu shara da wanke-wanke tare da 'yan'uwansa mata, zai shiga gidan aurensa da hannun da ya saba, ƙanwarsa kuma za ta isa aji kafin a buga ƙararrawa.